Filin Hoki a Bayan Gida: Kundin Aikin Hunturu Guda a Edmonton

12 ga Oktoba

Yau aka yi awo. Abin da ake son ginawa shi ne ɗan filin ƙanƙara a bayan gida, domin yarinya 'yar shekara 4 da ba ta taɓa tsayawa a kan takalmin hoki ba, wato takalmi mai ƙarfe a ƙasa da ake zamiya da shi a kan ƙanƙara. Mun daɗe da son wasan nan, kuma abin da muka gani a wurin yaran maƙwabta shi ne, ajin koyo na awa ɗaya a mako ba ya isa yaro ya saki jiki da ƙanƙara. Minti 20 kullum, taku goma daga ƙofar kicin, shi ke sa ƙafa ta saba. A garin nan, Edmonton ta Kanada, ba baƙon abu ba ne. Wayne Gretzky, wanda ya ci kofin Stanley, babban kofin hokin ƙanƙara, sau 4 da ƙungiyar Oilers ta garin nan tsakanin 1984 da 1988, a filin da mahaifinsa Walter yake zubawa a bayan gidansu na Brantford ya koyi tafiya a ƙanƙara.

Girman da aka tsayar: ƙafa 20 a faɗi, ƙafa 30 a tsawo, wato kusan mita 6 da mita 9. Filin NHL, babbar gasar ƙwararru ta Kanada da Amurka, ƙafa 200 ne da 85, amma ƙaramin yaro ba ya bukatar ko kashi ɗaya cikin goma na wannan, kuma duk ƙafar da ka ƙara yau, shebur za ka biya ta da shi a Janairu.

Gangaren ƙasa shi ne babban abin dubawa, kuma ido yana yaudara a nan. An kafa turke a kowace kusurwa, an ja igiya ta yi tsam, an rataya mata ƙaramin ma'aunin magina mai ƙwayar iska har ta daidaita, sannan aka auna daga igiya zuwa ƙasa. Bambanci tsakanin kusurwar da ke kusa da gida da ta wajen shinge ya kai santimita 14. Ruwa ba ruwansa da gangare, samansa a miƙe zai kwanta. Tunda ana son aƙalla santimita 10 a wuri mafi tudu, kusurwar shinge za ta sha santimita 24. An ja filin mita ɗaya nesa da bishiyar da ke gefe, saboda ganye.

26 ga Oktoba

An kafa bango tun ƙasa ba ta daskare ba. Bayan tsakiyar Nuwamba turke ba zai shiga ba ko da babbar guduma. Falanki 10 aka saya, irin wanda ake kira 2 da 12, kowanne ƙafa 10. Sunan yana ruɗi: ainihin tsayinsa inci 11 da kwata ne, santimita 28 da rabi. A ɓangaren zurfi ke nan santimita 4 kacal zai rage a saman ruwa, ba zai tare komai ba. Don haka aka ƙara katakon fale-fale mai kaurin inci uku bisa huɗu, an yanka shi tsayin ƙafa 2, an jera a bangon shinge da rabin bangon da ke maƙwabtaka da shi.

Turaku suna bayan bango ta waje, duk bayan ƙafa 4 a ɓangaren tudu, duk bayan ƙafa 2 a ɓangaren zurfi. Dalilin bambancin lissafi ne. Turin da ruwa ke yi wa bango ba ya ƙaruwa daidai da zurfi, ninkawa yake yi: a santimita 10, kowace mita ta bango tana ɗaukar nauyin kusan kilo 5, a santimita 24 kuwa kusan kilo 29. Mafi yawan filayen da ke fashewa a daren farko a nan suke fashewa. An ɗaure da ƙusa mai murɗi, daga ciki zuwa waje, domin kada tsini ya kalli inda leda za ta kwanta. An bi ƙasa da hannu an tsince tsakuwa da ƙirare.

Ba a shimfiɗa leda ba. Idan ta kwana makonni a waje, iska da ganye da ƙafar zomo za su gama da ita kafin ruwa ya zo.

9 ga Nuwamba

Kayan yarinya. Takalmi aka fi ɓata wa lokaci, kuma ya cancanta. Lambar takalmin hoki tana ƙasa da ta takalmin yawo da kusan ɗaya. Mai sa 11 ta yara ta samu 10. Yadda ake gwadawa: a kwance igiya gaba ɗaya, ta tura ƙafa gaba har yatsu su taɓa hancin takalmi, a zura yatsa a bayan dunduniya. In ya wuce yatsa ɗaya, ya yi girma. Iyaye da yawa suna sayen babba wai don ya kai baɗi, sai idon sawun yaro ya riƙa karyewa ciki, a ce ƙafarsa ba ta da ƙarfi, alhali takalmin ne bai riƙe dunduniya ba. Gwanjo mai kyau da ya yi daidai ya fi sabo mai faɗi nesa ba kusa ba. Safa ɗaya siririya, ba biyu ba. Cunkoso yana tsayar da jini, ƙafa ta fi saurin sanyi. Kuma ba a naɗa ragowar igiya a idon sawu, domin yana hana gwiwa lanƙwasa gaba.

Ƙarfen da ke ƙasan takalmin ba kaifi ɗaya gare shi ba kamar wuƙa. An rarake tsakiyarsa, ya bar baki biyu, na ciki da na waje, kuma duk wasan hoki a kan bakunan nan biyu yake tafiya. Sabon takalmi ba ya zuwa a wase. An kai shago an wasa a ma'aunin rabin inci, wanda shi aka fi yi wa masu koyo.

Hular kwano ta hoki mai tambarin CSA, hukumar tantance ingancin kaya ta Kanada, da ragar ƙarfe da ta rufe fuska duka. Hular keke ba ta maye gurbinta: an yi ta don bugu ɗaya mai ƙarfi, kuma ba ta sauka ta rufe ƙeya sosai, wadda nan ne yaro ke bugawa in ƙafafu suka zame gaba. An haɗa da abin kare wuya, wanda Hockey Canada ta wajabta wa yara. Tun rasuwar ɗan wasan hoki Adam Johnson a Sheffield ta Ingila a Oktoban 2023, bayan ƙarfen takalmi ya yanke shi a wuya, babu mai ɗaukar wannan da wasa. Sauran kaya a yanzu wandon sanyi mai kauri da safar hannu da ba ta shan ruwa sun isa.

23 ga Nuwamba

Ranar ruwa. An jira har hasashen yanayi ya nuna kwana 5 a jere da dare zai sauka ƙasa da digiri 10 a ƙarƙashin sifili, rana ba za ta haura -5 ba, kuma babu dusar ƙanƙara a ciki.

Leda fara ce, mai kaurin da ake kira mil 6, ƙafa 30 da 40. Fara, domin baƙa ko shuɗiya tana jan zafin rana ta narkar da ƙanƙara daga ƙasa. An shimfiɗa da sassafe kafin iska ta tashi, ana takawa da safa kawai, an tura ta cikin kusurwoyi an ninke kamar bakin zani, an bar rarar ta rataya a bayan bango. Ba a buga mata komai ba tukuna. In ka manne ta da bango kafin ruwa ya cika, nauyin ruwa zai ja ta ƙasa ta yage daidai inda ka buga.

Lissafin ruwa: faɗin fili kusan murabba'in mita 56, matsakaicin zurfi santimita 17, kusan lita 9,500 ke nan. An gwada tiyo da bokitin lita 20, ya cika a daƙiƙa 75, wato lita 16 a minti. Awa 10. An kunna da bakwai na safe, an kashe biyar ta ɗan gota, duhu ya riga ya shiga. A zuba a tashi ɗaya. Masu zubawa kashi-kashi suna samun ruwa a ƙarƙashin ƙanƙarar jiya, ya ɗaga ta, ta kakkarye.

Da ruwa ya kai wajen santimita 20 a kusurwar shinge, turke ɗaya ya fara kwantawa, bango ya buɗe kamar santimita 3. Ƙasar wurin ta yi laushi fiye da sauran. An tokare shi da katako a karkace, an danne gindin da buhun yashi 3. Ya tsaya.

An cire tiyo, an tsiyaye shi, an shigar da shi ɗaki. Wanda ya kwana a waje da ruwa a ciki sanda yake zama.

25 ga Nuwamba

Hasashe ya saɓa. Dusa ta sauka cikin dare, kamar santimita 6, a kan ƙanƙarar da ba ta wuce santimita 3 ba. Wannan shi ne abin da ake gudu. Nauyin dusa yana danna ƙanƙarar ƙasa, ruwa ya ɓullo ta gefe ya jiƙa dusar, ta zama kamar kunu. Ga shi kuma dusa bargo ce, tana hana sanyi ratsawa. Ba a iya hawa a share. An tsaya daga waje an jawo abin da hannu ya kai da doguwar manjagarar share rufi. Tsakiya an bar ta. Duk sawun da aka yi a cikin kunun nan zai daskare yadda yake, ya zama aikin mako guda.

1 ga Disamba

An huda ƙaramin rami a kusurwar zurfi: santimita 11, da sauran ruwa a ƙasa. Ɓangaren gida ya daskare har ƙasa. Babba ya hau, ta yi ƙara sau biyu, ba ta motsa ba. Wannan ma'auni na bayan gida ne kawai, inda ƙasa ke nan kusa. A tafki, ƙungiyar Red Cross ta Kanada tana cewa santimita 15 ga mutum ɗaya, 20 ga taron masu wasa, tafkunan tara ruwan sama na unguwannin Edmonton kuwa an hana hawansu sam, domin ruwa na gudana a ƙarƙashinsu duk hunturu.

Saman ya yi kaushi kamar bayan kada a inda kunun ya daskare. An kankare tudun da shebur mai bakin ƙarfe, an share, an yi zubi sirara sau 4 cikin dare biyu. Yanzu aka buga leda a bayan bango, aka kuma jera siririn katako ta ciki daidai saman ƙanƙara, domin ƙarfen takalmi da bakin shebur kada su same ta.

7 ga Disamba

Hawan farko, minti 12. Kafin nan an yi kwana uku ana gwaji a kan kafet, da murfin roba a ƙarfen takalmi, kuma abu ɗaya aka koya: tashi. Ta durƙusa a kan gwiwoyi da hannaye, ta kafa ƙafa ɗaya, ta ɗora hannaye biyu a kan wannan gwiwar, ta tura. Yaron da ya iya tashi da kansa ba ya tsoron faɗuwa, kuma a makon farko faɗuwa ita ce rabin wasan.

A kan ƙanƙara: taku ƙanana kamar na soja, hannaye a gaba, gwiwa a lanƙwashe. Ba a riƙe ta ta hannu a ɗaga sama, domin yana ɗauke nauyinta daga ƙafa. Ba a ba ta kujera ta tura ba. Kujera tana koya wa yaro jingina gaba, ranar da aka ɗauke ta sai a koma farko. An watsa ƙananan kayan wasa a fili, tana tsinkowa tana kaiwa bokiti. Sunkuyawa da miƙewa su ne darasin, ba tare da an kira shi darasi ba. An shiga gida tun tana neman ƙari. Wannan ƙa'ida ce da za a riƙe duk hunturun.

21 ga Disamba

Rana tana faɗuwa huɗu da kwata, don haka wasa ya koma tsakanin magariba da cin abincin dare. An rataya fitila biyu marasa zafi a saman shinge, an jona su a soket na waje mai katse wuta da kansa in ya ji danshi.

Gyaran sama ya zama aikin kullum, ga yadda ya zauna. Da farko shara, har sai babu garin ƙanƙara ko kaɗan. Ruwa a kan gari ƙuraje yake haifarwa. Sai cike tsaga: a dama dusa da ruwa a bokiti, a cusa da hannu, a shafe da faifan wasa, wato faifan robar da ake bugawa a madadin ƙwallo. Sannan zubi. An haɗa abin zubi da bututun roba mai siffar T, faɗin mita ɗaya, an huda ƙananan ramuka duk bayan santimita 3, an ɗaura tsohon tawul yana ja a baya. Aikin motar da Frank Zamboni ya ƙera a Kalifoniya a 1949 ke nan, a ƙaramin sikeli. Kaurin milimita ɗaya a filin nan lita 56 ne, tankin ruwan zafi na gida yana ɗaukarsa ba tare da an hana kowa wanka ba.

Ruwan zafi ya fi, ba don yana saurin daskarewa ba. Yana narkar da fatar sama kaɗan ya manne da ita, yana malala cikin sawun takalmi kafin ya kama, kuma iskar da ke cikinsa ba ta kai ta ruwan sanyi ba, sai ƙanƙarar ta fito garau da tauri. Kuskuren da aka yi a makon jiya shi ne barin tiyo a wuri ɗaya. Ruwa ya taru, samansa ya daskare, na ƙasa ya tsiyaye ta wata tsaga, aka samu farin ɓawo da iska a ciki, mai fashewa da an taka. An farfasa shi duka, an cike da damammiyar dusa, dare biyu kafin ya koma daidai.

11 ga Janairu

Sanyi ya kai -31, da iska ya fi haka. Ba wasa, kwana 5. Ma'aikatar yanayi ta Kanada tana gargaɗin cewa daga -28 na sanyin iska, fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30, kuma yaro ba ya faɗa sai abu ya yi nisa. Iyakarmu ga mai shekara 4 ita ce -18, da duba kumatu da yatsu duk minti 10. Ba zubi ma: ruwan zafi a kan ƙanƙara mai irin wannan sanyi tsaga ta yake yi nan take, da ƙara kamar bulala. Zubi ya fi kyau tsakanin -7 da -15.

An yi amfani da kwanakin a falo, da ƙaramar sanda da ƙwallon soso, ranar Asabar da dare kuma aka kalli zangon farko na wasan Oilers tare. Minti 20 ne na agogon wasa, ya ishe ta. Ba a yi mata bayanin dokoki ba, an dai ce ta bi mai lamba 97, Connor McDavid, da ido, ta ga yadda gwiwarsa ba ta miƙewa.

25 ga Janairu

Yau sanda ta hau ƙanƙara, bayan mako 7. An jinkirta da gangan: yaron da aka ba sanda da wuri dogara yake yi da ita kamar ta tsoho, kansa a ƙasa. Yanzu tana turawa da bakin ƙarfe na ciki, tana zamiya mita 2 zuwa 3 a kan ƙafa biyu, tana tsayawa ta hanyar tura dunduniya waje har ƙarfe ya kankaro gari.

Tsawon sanda: da takalmi a ƙafa, ta kai haɓa. Lambar taurinta kusan rabin nauyin yaro a ma'aunin fam. Kilo 17 fam 38 ne, don haka mai lamba 20. Yanke sandar babba ba ya yi, domin duk abin da ka rage mata tauri take ƙarawa, kuma kaurinta ya fi tafin hannun yaro. Wane hannu ne a sama? An miƙa mata tsintsiya mai dogon hannu, ta kama da dama a sama, aka sayi sandar hagu. Haka mafi yawan 'yan Kanada suke riƙewa: hannu mai ƙarfi a sama, shi ke juya sanda.

Faifan wasa na manya baƙar roba ce, faɗin inci 3, kaurin inci 1, nauyin kusan giram 170. Na yara shuɗi ne, girma ɗaya, giram 113 ko kusa. Shi ake amfani da shi a rukunin 'yan ƙasa da shekara 7, inda kuma ake buga wasa a faɗin fili maimakon tsawonsa domin kowane yaro ya riƙa taɓa faifai. An sayi 6. Biyu sun riga sun shige tarin dusa, sai bazara. Raga kuwa bokiti biyu ne a kife.

Ta tambaya ko akwai masu wasa irinmu. An nuna mata hoton Jarome Iginla, haifaffen garin nan, ɗan wani ɗan Nijeriya, wanda ya jagoranci ƙungiyar Calgary shekaru kuma ya miƙa wa Sidney Crosby faifan da ya ci wa Kanada zinare a gasar Olympics ta Vancouver a 2010. An nuna mata Nazem Kadri ɗauke da kofin Stanley a masallacin garinsu London na Ontario a 2022. Da na ƙungiyar mata ta Kanada, da Sarah Nurse a ciki.

9 ga Fabrairu

Ɗumi ya shigo, +6 kwana 3. Ruwa ya kwanta a sama. Ba a hau ba, ba a taɓa ba, sai tsince ganye da duk wani abu mai duhu. Ganye ɗaya yana haƙa rami mai siffarsa cikin yini guda. An tara dusa a bayan bangon da rana ke duka. Da sanyi ya dawo, saman ya daskare sumul fiye da duk zubin da muka yi.

An sake wasa takalmi. Ƙanƙarar waje tana da ƙura kuma ta fi ta ɗakin wasa tauri, tana cin kaifi da sauri. Alama: ƙafa tana zamewa gefe in ta tura. A goga farce a bakin ƙarfe a hankali, in bai kankaro komai ba, lokaci ya yi. Bayan kowane wasa a goge ƙarfe da tsumma, a sa masa murfin yadi. Murfin roba na tafiya ne kawai, in ya kwana a ciki tsatsa yake yi.

8 ga Maris

Rana ta yi sama. Gefen bangon arewa, wanda ke kallon kudu, ya fara narkewa tazarar tafin hannu, domin katako yana shan zafi yana mayarwa. Baɗi za a shafa wa cikin bangon farin fenti. Wasa ya koma safe, kafin goma. Tana zagaya fili sau 5 ba faɗuwa, tana tura faifai gaba da sanda, tana ɗan ja da baya da murɗa ƙugu. Juyawa ta hagu ta zauna, ta dama ba ta zo ba tukuna, don haka an juya zagayen bokiti ya bi ta dama.

29 ga Maris

An rufe. Hawa na ƙarshe ranar 20 ga wata. A kalandar da ke jikin firij an ƙirga kwana 71 da ta hau. Ba a yanka leda a tashi ɗaya ba, lita dubu tara za ta tafi gidan maƙwabci ko gindin ginin gida. An sa tiyo a kusurwar zurfi, an ja ruwan da ya narke zuwa magudanar layin baya kaɗan-kaɗan, kwana 6. Da an gama za a ɗauke ledar nan take, domin in rana ta same ta a kan ciyawa a Afrilu, dafa ciyawar take yi. Ta samu huda 4, ba za ta sake aiki ba. An sa wa kowane falanki lamba da alli kafin a kwance, an jingine su a gareji a kan katako, ba a ƙasa ba.

Gyaran baɗi: a cike kusurwar shinge da ƙasa a rage gangaren zuwa santimita 7, wanda zai rage ruwa da kusan lita 2,000, turke duk ƙafa 2 a bangon nan gaba ɗaya, raga a bayan bokitai saboda tagar kicin. Rajistar 'yan ƙasa da shekara 7 tana buɗewa da bazara, kuma takalmin bana ya riga ya matse ta. Faifai biyun da suka ɓata sun fito a gindin shinge.